Kuɗin da ba kuɗi ba: daga takardar liƙin biki zuwa "naira 5,000" ta WhatsApp

Unguwar Koki da ke cikin birnin Kano ta daɗe da sanin kuɗi. A wannan yanki ne Alhaji Alhassan Dantata ya kafa gidansa, kuma masu tarihi sun rubuta cewa a 1929, lokacin da bankin Turawa da a yau ake kira First Bank ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 ne suka ɗauki kuɗinsa na azurfa zuwa ajiya. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta fara fitar da takardun kuɗi tun 1916, amma 'yan kasuwar wancan zamani sun fi natsuwa da azurfa, domin ana iya auna nauyinta, a buga ta a ji ƙararta. Takarda kuwa alkawari ce kawai, sai an yarda da wanda ya yi alkawarin.

A yau jikokin waɗancan 'yan kasuwa da alat suke ciniki, kuma yawancin sababbin takardun kuɗin da suke gani a fuskar waya suke fara ganinsu. A nan ne wata sabuwar matsala ta ɓullo: takardu masu kama da kuɗi, masu lamba da hoto da sa hannu, waɗanda babu bankin da ya fitar da su. Wasu don sha'awa aka yi su, wasu don biki, wasu kuma don a cuci mutane.

Mene ne ƙagaggen kuɗi?

Masu tara kuɗaɗen ƙasashe don sha'awa sun bambanta abubuwa uku. Na farko jabu, wato kwaikwayon kuɗin da ake kashewa da niyyar a yaudari mai karɓa. Na biyu tsohon kuɗi, wanda a da na gaske ne amma an daina karɓarsa, kamar fam ɗin Najeriya da naira ta maye gurbinsa ranar 1 ga Janairu, 1973. Na uku shi ne ƙagaggen kuɗi: kamar yadda ake da ƙagaggen labari, takarda ce da aka zana da siffar kuɗi, amma ko dai ƙasar da ke jiki ba ta da irin wannan kuɗin, ko adadin da aka rubuta ba a taɓa fitar da shi ba, ko kuma bankin da aka ambata babu shi a duniya.

Misali mafi sauƙi shi ne takardar dala miliyan ɗaya ta Amurka. Amurka ba ta taɓa buga ta ba. Mafi girman takardar da take bugawa a yau ita ce dala 100, kuma tun 1969 ta janye manyan takardu irin su dala 500 da 1,000. Duk da haka ana sayar da ta miliyan ɗayar a shaguna a matsayin abin barkwanci. A 2004 an kama wata mata a jihar Jojiya bayan ta miƙa irinta a wani kantin Walmart za ta biya kuɗin kaya. Takardar ba laifi ba ce a aljihu, miƙa ta a matsayin kuɗi shi ne ya zama laifi.

Yadda abin ya zama kasuwa

A ƙasashen Turai wannan harka ce ta halal mai masu saye. A 2015 wani Bafaranshe mai suna Richard Faille ya ƙirƙiro takardar yuro sifili. An rubuta 0 ɓaro-ɓaro a jikinta, kamfanin Oberthur mai buga kuɗaɗen gaske ne ke buga ta a kan takardar kuɗi, kuma ana sayar da ita yuro 2 zuwa 3 a wuraren yawon buɗe ido, kowane wuri da hotonsa. A 2018 birnin Trier na Jamus ya fitar da mai hoton Karl Marx don cikarsa shekara 200 da haihuwa, aka wawashe bugun farko cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma dalar Antatika, wadda wani kamfani mai zaman kansa ya fara bugawa a 1996, alhali nahiyar ƙanƙarar ba ta da gwamnati balle babban banki. A Ingila, mai zanen nan Banksy ya buga takardun fam 10 a 2004, ya cire hoton Sarauniya ya sa na Gimbiya Diana, ya sauya sunan bankin ya koma nasa. A 2019 gidan tarihi na British Museum ya karɓi guda ɗaya cikin kayan da yake adanawa.

Mai sayen yuro sifili ya san abin da ya saya. Ya biya kuɗin zane da ɗab'i da tunawa da wurin da ya ziyarta, kamar mai sayen hular tsaraba a Kasuwar Kurmi. Ba wanda ya ce masa gobe za ta zama dukiya.

Naira 5,000 da ba a taɓa bugawa ba

A Najeriya, ƙagaggen kuɗin da ya fi yawo ba a takarda yake ba, a WhatsApp da Facebook da TikTok yake. Kusan duk mai waya ya taɓa cin karo da hoton "sabuwar naira 5,000" tare da saƙon cewa za ta fito wata mai zuwa.

Labarin yana da tushe, shi ya sa ba ya mutuwa. A Agustan 2012, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sanar da shirin fitar da takardar naira 5,000 mai hoton mata uku: Margaret Ekpo, Funmilayo Ransome-Kuti da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Shirin ya haɗa da mayar da naira 5 da 10 da 20 su zama tsaba. Jama'a da 'yan majalisa suka nuna adawa, a watan Satumba Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin. Har yau naira 1,000 da ta fito a 2005, mai hoton Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, ita ce babbar takarda. A Afrilun 2025 sai da bankin ya sake fitowa ya ƙaryata wata sanarwar bogi da ke cewa za a fitar da naira 5,000 da 10,000.

Haka batun Eco yake. Shugabannin ECOWAS sun amince da sunan kuɗin bai-ɗaya a Abuja a 2019, aka ɗage fara aiki da shi zuwa 2027, amma hotunan "takardar Eco" sun daɗe suna yawo. A Oktoban 2024 kuma, a taron BRICS na birnin Kazan, an ɗauki hoton Shugaba Putin riƙe da wata takarda mai tutocin ƙasashen ƙungiyar. Cikin kwana ɗaya shafuka suka cika da cewa kuɗin da zai kayar da dala ya fito. Takardar alama ce kawai, ƙungiyar ba ta da kuɗin bai-ɗaya.

A da, zana irin wannan hoto sai wanda ya ƙware a CorelDraw ko Photoshop. Yanzu mai PixelLab ko Canva a waya zai haɗa shi kafin shayinsa ya huce, manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma suna zana shi daga jimla ɗaya. Jita-jitar tana da illa ta zahiri. Waɗanda suka sha wahalar ƙarancin kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ba sa jin labarin sabon kuɗi su kwanta barci. Wani zai fara ƙin karɓar takardar da ke da inganci, wani zai ruga ya rabu da ajiyarsa a kan asara.

Takardar liƙi: namu samfurin

Inda ƙagaggen kuɗi ya shigo hannun mutane da gaske shi ne wajen biki. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙi da naira, da taka ta, da rawa a kanta, da sayar da sababbin takardu. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta daɗe ba a cika aiki da ita ba, sai a 2024 da hukumar EFCC ta fara gurfanar da fitattun mutane a Legas. A 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ita ma ta hukunta wasu sanannun 'yan TikTok kan wulaƙanta naira. Sau da yawa bidiyon da mutum ya ɗora da hannunsa shi ne shaidar da ake gabatarwa a kansa.

Dabarar da masu shirya bukukuwa suka ɓullo da ita ita ce buga takardar liƙi ta musamman, mai hoton ango da amarya da ranar ɗaurin aure. Baƙo zai je teburi ya yi tiransifa ko ya sa kati a POS, a ba shi bandir daidai kuɗinsa, ya shiga fili ya yi liƙinsa. Kuɗin gaske yana asusu, abin da ake takawa a ƙasa takarda ce kawai. Ba a neman sababbin kuɗi da tsada, ba a fargabar masu tsince a ƙasa su zuba aljihu.

Sai dai akwai wurare biyu da abin ke iya ɓaci. Na farko shi ne zanen. Wani mai zanen kwafo naira 1,000 yake yi daga intanet, ya cire fuskokin ya sa na ma'aurata, ya bar launi da girma da sunan babban banki yadda suke. Bayan biki, irin wannan takarda na iya faɗawa hannun mai neman ɓata gari, ya naɗe ta a tsakiyar kuɗin gaske ya miƙa wa mai adaidaita sahu ko mai ƙosai da daddare. Sashe na 17 na waccan doka ya ce babban banki kaɗai ke da ikon fitar da kuɗi, ya kuma hana kowa fitar da takardar da za a iya ɗauka a matsayin kuɗi. Sashe na 20 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba ga mai yin jabu.

Na biyu shi ne fansa. Idan ango da amarya kaɗai ake yi wa liƙi, babu matsala, kuɗinsu na asusu. Amma idan an liƙa wa mawaƙi ko DJ ko maroƙi, dole ya dawo teburi a canza masa. A wannan lokacin takardar ta zama alkawarin biya, kuma duk wanda ya samu guda ɗaya kafin biki zai iya zuwa shagon fotokwafi ya ninka ta. Maganin wannan shi ne kowace takarda ta samu lambarta ta daban, ko lambar QR da mai teburi zai duba da waya, wadda aka riga aka fansa ta nuna an fansa. Ko jadawalin Google Sheets ya isa wannan aiki. Ita kanta naira 100 ta tunawa da cikar Najeriya shekara 100, wadda ta fito a 2014, tana ɗauke da lambar QR a bayanta.

Abin da firinta ta sani

Mutane da yawa ba su san cewa na'urorinsu na gane kuɗi ba. A 2002 wani masanin kwamfuta a Jami'ar Kambirij, Markus Kuhn, ya lura da wasu ƙananan da'irori 5 da ke maimaita kansu a jikin yuro 10, ya raɗa musu suna EURion. Na'urorin fotokwafi masu launi da yawa idan suka hango wannan tsari sai su ƙi aiki, ko su ɓata kwafin. A jikin dala 20 ta Amurka, sifilan ƙananan lambobin "20" masu launin rawaya su ne da'irorin. Tun 2003 kuma Photoshop ke ɗauke da wani tsarin da gamayyar manyan bankunan duniya ta samar, wanda ke ƙin buɗe hoton wasu kuɗaɗe.

Bayan haka, firintoci masu launi irin na lesa da yawa suna zuba wasu mitsi-mitsin ɗigogi rawaya a kowane shafi, waɗanda ido ba ya gani. A 2005 ƙungiyar EFF ta Amurka ta warware na wata firintar Xerox, ta nuna suna ɗauke da lambar na'urar da rana da lokacin da aka yi bugun. Ma'ana, mai shagon da ya karɓi aikin buga abin da ya yi kama da kuɗi yana iya barin sawunsa a jikin kowace takarda bai sani ba.

Inda damfara ke shigowa

Kama da wane ba ta wane, amma ɗan damfara da kamar yake cin abinci. Takardar dala tiriliyan 100 ta Zimbabuwe, mai sifili 14, ta gaske ce. Ta fito a Janairun 2009 lokacin da hauhawar farashi ta cinye kuɗin ƙasar, aka daina amfani da ita cikin 'yan watanni, aka soke ta a hukumance a 2015. Masu tara kuɗi suna sayen ta asali. Amma a AliExpress da eBay akwai wasu masu ruwan gwal, na leda mai ƙyalli, har da "takardar shaida" a cikin kwali. Zimbabuwe ba ta taɓa fitar da su ba. Ana sayar wa mutane su da labarin cewa wata rana za a farfaɗo da darajarsu. A Amurka ma an yi irin wannan da takardun gwal masu hoton Donald Trump, inda a 2023 rahotanni suka nuna mutane sun saya da yawa, suka kai banki aka ce ba kuɗi ba ne.

Shekarar da ke jikin kuɗi ma ba hujjar tsufa ba ce. Kano ta san liyari, azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Maria Theresa, wadda ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa har mata suka riƙa ado da ita. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka ƙera bayan nan 1780 ake rubutawa a jikinsa, har waɗanda ake ƙerawa a zamanin nan. Don haka wanda aka nuna masa liyari aka ce ya haura shekara 200 saboda lambar da ke jiki, ba a ba shi hujja ba tukuna.

Alamomin tarko kusan iri ɗaya ne: a ce abin sirri ne, a ce yau ne rana ta ƙarshe, a ce akwai wani Bature ko Balarabe da ke jira ya saya ninki goma, a nemi kuɗin rajista kafin a haɗa mutum da shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da takardar na da wannan daraja, da mai ita ya kai ta Wapa 'yan canji sun karɓa, ba ya bi mutane a Telegram ba.

Yadda waya za ta taimaka

Wayar da ta kawo jita-jitar ita ce kuma za ta iya tantance ta. Ga hoton da aka turo, Google Lens yana nuna inda ya fara fitowa da shekarar da aka fara ɗora shi. Sanarwar sabon kuɗi kuwa a shafin cbn.gov.ng take fitowa, kuma ba a sauya kuɗin ƙasa BBC Hausa da Freedom Radio da Aminiya su yi shiru.

Ga takardar da ake tallata wa mutum, shafin Numista yana da jerin kuɗaɗen ƙasashe da hotunansu, kuma ya ware ƙagaggu daban da na gaske. Idan an ce kamfanin PMG ya tantance ta, akwai lamba a jikin ledar da za a iya bincikawa a shafin kamfanin.

Ga takardar da ke hannu, gwaji uku sun wadatar. A shafa da yatsa: naira 200 da 500 da 1,000 an buga su da tawada mai tudu, ana jin kaushinta a kan hoto da manyan rubutu, abin da firintar shago ba ta iya yi. A kunna fitilar waya a bayanta: hoton ɓoye da ke cikin jikin takardar zai bayyana, zaren tsaron da ke kama da tsinkakke zai zama miƙaƙƙe da haruffan CBN a kai. Sai ƙaramin tocilan na UV: farar takardar ofis tana walƙiya da shuɗi a ƙarƙashinsa saboda sinadarin haskakawa da ake sa mata, takardar kuɗi ta auduga kuwa ba ta yi, sai wasu sassa na musamman ne ke haskawa. Ƙananan kuɗin leda, naira 5 zuwa 50, su kuma suna da tagar da ake hango ta ɗaya gefen.

Ga masu zane da masu shagon ɗab'i

Buga takardar liƙi ko takardar tsaraba sana'a ce da matashi mai waya da basira zai iya ci da ita, idan ya kiyaye iyaka. Kada a fara daga hoton naira, a fara daga farin shafi. Kada a sa kalmar naira ko alamarta, ko sunan babban banki, ko tambarin ƙasa, ko sa hannun gwamnan banki. A sauya girma da launi ta yadda ko a duhu ba za a rikita su ba. Amurka ma ƙa'idarta ita ce kwafin dala mai launi ya zama ƙasa da kashi 3 cikin 4 na girmanta, ko ya haura ninki ɗaya da rabi, kuma gefe ɗaya kawai za a buga. A rubuta "WANNAN BA KUƊI BA NE" da manyan baƙaƙe, da boko da ajami, domin akwai masu karɓar kuɗi da yawa da ajamin suke dubawa.

Abin zanawa kuwa bai yi ƙaranci ba. Akwai Dutsen Dala, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama, da dagin arewa, da dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Takardar da ke ɗauke da waɗannan, mai lamba da shekara, baƙo zai iya ajiye ta a matsayin tsaraba kamar yadda ake ajiye yuro sifili.

Tambayoyi biyu ne ke raba kuɗi da abin da ya yi kama da shi, ko a hannu yake ko a fuskar waya: wa ya fitar da shi, kuma wa ya ɗauki alkawarin karɓarsa? Idan amsar ita ce babban bankin wata ƙasa, kuma shafin bankin ya tabbatar, kuɗi ne. Idan amsar ita ce mai teburi a wajen biki, takardar liƙi ce, ƙarshenta daren nan. Idan kuwa mai tallar ya fara kame-kame, a biya shi kuɗin takarda da tawada kawai in zanen ya burge, kada a ƙara ko kwabo.